Farin Ƙyallen da Bai Kira Kowa Ba

Ko hankalina ya fara gudu, ranar da jikata ta rataya farin ƙyalle a tsakar gidanmu na Dogon Dutsi ba za ta fita kaina ba.

Yarinyar tana karatun zane a Yamai, ta zo hutu. Ƙyallen kuwa faɗinsa ya kai tabarma, fari fat, babu komai a jikinsa sai layi guda na jar ƙasa da ta ɗebo a gindin dutse. Na ce, "Kishiyata, yaushe za ki gama shi?" Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ai ya gamu. Minimalis ake ce mai. Rage abu ake yi, a yi ta ragewa, sai an kai inda ba ya raguwa."

Muna cikin haka ubanta ya shigo daga shago. Ɗana ne, amma tun da ya shiga karatun addini yake hararar asalina, don ni a Lugu aka haife ni, cikin masu bori da girka. Da ganin fari da ja ya tsaya cak. Ya ce, "Inna, ke kika sa ta? Kayan Doguwa, iskar bori, a gidana? A kawo ashana! Yamai kuma ta gama zuwa."

Yarinya ta fara yi masa bayani da Faransanci. Na ce ta yi shiru.

Na ce, "Kai, zauna. Tun ba a san za a yi ka ba nake ganin kayan iskoki. Kowane ƙyalle nasu da mai shi, da kirarinsa, da abin da yake nema. Tun hantsi nake duban wannan, ni da ko tsinke na gani sai na yi masa tatsuniya, amma na rasa ta inda zan kama shi. Bai kira kowa ba. Ba mutum, ba dabba, ba iska. Ƙyalle ne da ƙasa. In akwai zanen da malamanku ba za su sami abin cewa a kai ba, to ga shi."

Ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallo. Mu ma muka yi tsit, har kukan tantabarun maƙwabta muke ji. Can ya ce, "To, mi ke amfaninsa?" Na ce, "Rabonka da zama shiru haka a gidan nan tun yaushe?"

Ya tashi ya koma shago. Amma da hutu ya ƙare, shi da kansa ya naɗe ƙyallen, ya kai ta tasha.

Ban taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ni na tsare wa jikata karatunta, kuma ina faɗa da babbar murya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada mutum ya ɗora wa abu tsoron da ya zo da shi. Ya zauna tukuna, ya dubi abin da ke gabansa.