Muryar Malam Lawal a Tsakanin Makirufo Biyu

Akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, cikin wata shidan da na yi ina koyon aiki a situdiyon ɗaukar sauti na Malam Sanusi da ke Ƙofar Sauri. Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta fannin lantarki. Ni kaɗai ce mace a wurin, kuma ba ni da yawan magana, don haka aikina bai wuce sa wa ɗauka suna da rubuta bayaninta a littafi ba.

Kafin zuwana, a watan Maulidi, Malam Sanusi ya ɗauki karatun yabon Annabi da dattawan wani masallaci a Ƙofar Durɓi suke yi duk shekara a wani zaure. Makirufo biyar ya kafa, uku a gaba, biyu a baya. Ga wanda bai san aikin ba, sauti biyar suna cin wuri, shi ya sa na'ura take haɗe su su koma biyu, ta ajiye ɗan bayani a gefe game da inda kowanne ya fito. In za a saurara da hedifon, manhaja ce take sake warware su, tana kwaikwayon yadda kai da kunnen mutum suke karɓar sauti daga kowace kusurwa. Mai saurare sai ya ji kamar shi ma yana zaune a tsakiyar zauren. Asalin sautin biyar ɗin kuwa an goge su tuni, haɗaɗɗen kaɗai ya rage.

Bayan 'yan watanni babban dattijon masu karatun, Malam Lawal, ya rasu. Ɗansa ya zo ya ce mahaifiyarsu, Hajiya Binta, tana son jin muryarsa, kuma ba su da ita ko'ina sai a wannan ɗaukar. Tana takaba, ba ta fita, ba kuma za a kunna lasifika a gidan makoki ba. Malam Sanusi ya dube ni ya ce, "Rukayya, yau dai aiki ya zo layinku. Mu maza ba mu da ikon shiga. Ɗauki hedifon."

Na same ta a kan darduma da carbi a hannu. Bayan mun gaisa na yi mata ta'aziyya, na sa mata hedifon ɗin a kan hijabinta. Ta saurara kamar minti biyar, sannan ta cire ta miƙo mini.

"'Yata, mi kuka yi ma Malam? Kowa ina jin shi, har mai tarin nan na gefe. Shi ne dai kamar shina magana daga cikin randa."

Na ba ta haƙuri na dawo.

Malam Sanusi ya ce, "Ki ƙara mata ƙarar kawai. Shekaru sun ja, ga kuka, kunne ba zai zama daidai ba." Na ce to, domin ban iya musu ba. Amma da na ƙara, sai kowa ya ƙaru, muryar dattijon tana nan a ƙasa kamar yadda ta faɗa.

Na zauna na raba sautin kashi-kashi, daga kauri zuwa siriri. A kowane kashi na lissafa ƙarfin da ya kamata ya isa kunnen hagu da na dama, na auna wanda yake isa da gaske, na rubuta su gefe da gefe. A sama duk sun yi daidai. A wajen kauri, inda muryar tsofaffin maza take, abin da ke fitowa daga baya ya gaza nesa ba kusa ba. Na kira ɗan marigayin na tambaye shi inda mahaifinsa yake zama. Ya ce a zaurensu babba ba ya zama gaba. Yakan jingina da bangon baya, daidai tsakiya, don ya ga kowa, in wani ya yi kuskure ya gyara masa da ido.

Ashe ya zauna ne daidai tsakanin makirufo biyun baya, kowanne ya ɗauki muryarsa daidai da ɗan'uwansa. Ita kuwa manhajar ta ɗauka sauti biyu ne dabam. Da ta zo haɗa su a kunne ɗaya, sai ya zama ɗaya na tashi ɗaya na sauka, kamar igiyar ruwa biyu da suka yi karo a baho, suka kwantar da juna. Muryar tana nan, ba ta ɓata ba.

Sai da na yi yini guda kafin na iya kai wa Malam Sanusi littafin. Ya daɗe yana duba layukan, sannan ya ce, "Ikon Allah! Ke da muke cewa ba ki magana, ashe ƙararmu kike rubutawa. To ya za a yi, Malama?"

Na ce, "Malam, a kowane kashi mu mayar da daidai abin da ya ɓace, kada mu wuce. Mu kuma sa masa iyaka, don kada hayaniya ta taso inda babu murya." Ya ja kujera kusa da ni. Kwana uku muka yi muna gyara muna saurare.

Ranar Larabar na koma gidan da hantsi. Na sa mata hedifon, na koma bakin ƙofa na tsuguna. Mai jan baiti ya fara, masu amshi suka karɓa. Sai na ga Hajiya ta daina jan carbi. Ta gyara zama, ta ja hijabinta ta rufe ƙafafunta, sannan a hankali ta waiwaya bayanta, inda babu komai sai bango. Ta daɗe a haka. Hawaye na zuba amma fuskarta a sake take.

"Ga shi nan," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Har jan numfashin da shike yi kafin ya ɗauki baiti. Allahu Akbar. 'Yata, bar mini shi ya kai ƙarshe."

Na zauna har aka shafa fatiha a cikin ɗaukar, ita ma ta ɗaga hannu ta shafa tare da su.

Tun daga ranar, in wani ya ce mini sauti bai yi ba, ba na fara zargin kunnensa. Ina fara tambayarsa wa yake nema a ciki, da kuma inda mutumin ya zauna. Lissafina kwana da kwanaki ya ɗauka kafin ya gano abin da matar da ta zauna da mutum shekara da shekaru ta ji cikin minti biyar.