Motar da Ke Kaɗa Mana Nono

Ko na manta shekaruna, ba zan manta ranar da maigidana ya gyara motarsa ba, ana gobe sunan ɗan ƙanwarsa.

Motar gado ce, ta mahaifinsa. Irin tsofaffin nan na Amurka, doguwa, mai faɗi, in ta shigo lungunmu a unguwar Chagoua sai masu tebur sun janye kayansu. Injinta lafiya ƙalau, amma ƙafafunta sun mutu tun ban zo gidan ba. In ta taka rami ɗaya, sai ta yi ta rausaya har ta wuce gida biyar, kamar kwalekwale a kogin Chari. Ni da ba na fita, daga madafa nake gane ta: ƙiiƙ, ɗum, ƙiiƙ. Kafin ta iso ƙofa na ɗora shayi.

Sana'ata man shanu. Duk Alhamis da sassafe maigida kan je Farcha, can ƙarshen gari, ya sayo mini kindirmo a goruna huɗu, kowanne rabi, a toshe, ya jera su a bayan mota ya keto gari. Makon farko na buɗe gora zan fara aiki, sai na ga mai yana yawo a sama, dunƙule-dunƙule. Motar ta riga ta kaɗa. Na waiga dama, na waiga hagu, na mayar da murfi. Na shige ɗaki na tura ƙofa, na zauna ina jijjiga gora ɗaya da ƙafa don a ji motsi, ina cin gyaɗa. Shekara tara ina wannan aikin.

Inna, mahaifiyar maigida, tare muke zaune. Duk baƙuwar da ta zo sai ta kama hannuna ta ɗaga. "Ku dubi hannun 'yar nan, siriri, amma gora huɗu kafin hantsi!" Sai in sunkuyar da kai, a ce kunya ce. Kunyar ce kuwa, amma ba irin wadda suke zato ba.

Da ƙanwar maigida ta haihu a unguwar Sabangali, Inna ta tashi a gaban dangin mijin ta ce duk man da za a zuba a abincin suna daga hannuna zai fito, sabo. Aka ce gora takwas. Ban damu ba. Ko da motar ta yi kwana uku a gareji ma ban damu ba, na ɗauka juyen mai ne.

Ranar Alhamis ina madafa, kunnena na bakin lungu. Shiru. Sai kawai na ji sallamar maigida a tsakar gida.

"Malam, da ƙafa ka dawo?"

"Fito ki gani," in ji shi, bakin nan har kunne.

Na fito na tarar da motar ta miƙe tsaf, ta ƙara tsawo. Ya shiga lissafa mini: sababbin sifirin, sababbin robobi, wani ƙarfe da aka gitta a ƙasa don kada ta karkata a kwana, da abin nan guda huɗu mai shanye girgiza, wanda bakanike ke kira amortisa. "Don Inna na yi. Gobe zan kai ta suna ba jiri, ba kwano a cinya." Ya nuna mini kofin shayi a gaban mota, cike taf. Tun daga Farcha, ko ɗigo bai zube ba.

Na zagaya baya na buɗe gora. Kindirmo na kwance lumui, kamar wanda aka yi wa shimfiɗa.

Na ɗauki ɗaya na shige ɗaki, karon farko a rayuwata na kaɗa da gaske. Kafaɗuna suka mutu, gumi har ido, abin da na samu kumfa. Ga bakwai na jira, ga mata za su zo karɓar mai bayan la'asar. Na mayar da goran cikin mota na ce, "Malam, ba za ka ɗan zaga da ni in ji daɗin gyaran ba?"

Shekara tara ban taɓa roƙon haka ba. Ya yi ta murna. "To a sauke nonon."

"Bar shi, ya sha iska."

Babu mummunar hanyar da ban sa shi ya bi ba. "Bi ta can. Wancan ramin ma taka shi mu gani." Motar ta haɗiye rami kamar lomar tuwo. Shi kuwa sai ya juyo, "Kin ji wani abu? Ba ki ji komai ba ko? Kalas, an gama da girgiza har abada!" Na ce Allah ya sanya albarka, hawaye na neman zubo mini.

Mun dawo muka tarar da Inna a ƙofar gida da sandarta. Ta dafa bayan motar ta danna. Motar ta ɗago sau ɗaya ta tsaya cak. Ta sake dannawa. Sannan ta dubi ɗanta.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, saboda jirinki ne."

"Na kawo maka ƙara?"

Ta buɗe gora ta leƙa, ta ɗago ta dube ni. Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni ban iya kaɗa nono ba. Motar ce."

"To da wa ya iya?" in ji ta. "Shekara ashirin ubansa na ɗauko mini, kin ji an ce na taɓa ciwon kafaɗa? Wa kike zaton ya ce a riƙa zubawa rabi-rabi? Tashi, 'yar nan. Gyaɗar da kike ci a ɗaki ma ina jin ƙararta."

Maigida ya dube ta, ya dube ni, ya dubi motar. "Wato duk shekarun nan ni ne nake..."

"Kai direba ne," in ji Inna. "Ita ce mai aiki."

Mu uku muka tafi gareji. Bakaniken dattijo ne, kowa Usta yake ce masa. Inna ta yi masa bayani da Larabci, don shi ba ya jin Hausa, yana saurare yana goge hannu da tsumma. Da ta gama ya ce, "Hajje, tun ina saurayi ake kawo mini mota in gyara. Yau ce rana ta farko da aka kawo in lalata." Tsofaffin kayan kuwa ya riga ya ba maƙera. Sai ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance amortisa biyu na baya. Ya ce sabon sifirin in babu mai riƙe shi, rawar da zai yi sai ta fi ta da. Sharaɗinsa biyu: a bi lungu a hankali, kuma kada kowa ya ji daga garejinsa ta fito.

Rana ta riga ta yi, muka sayi ƙanƙara muka cusa tsakanin gorunan. Inna a gaba, kwano a cinya, lemun tsami a hanci. Ni a baya, na manna kunne a jikin kujera. Ramin farko kaina ya gaisa da rufin mota. Muka yi ta zaga unguwa, mota na tsalle kamar ɗan akuya, Inna na salati tana cewa, "Ƙara taka wancan!" Wata mata ta biyo mu da gudu tana nuna mana hanyar asibiti, ta zaci naƙuda nake. Ni dai ina saurare. Caɓal, caɓal. Sai ƙarar ta yi kauri. A zagaye na shida na ji ruwa ya ware, wani abu na bugun gora, ƙwal, ƙwal.

"Tsaya, Malam! Ya yi!"

Gora takwas, duk sun yi.

Washegari a wajen suna Inna ta kama hannuna ta ɗaga a gaban mata, daidai lokacin da maigida ya shigo da tabarmi. Ya buɗe baki. Inna ta dube shi. Ya rufe, ya ajiye tabarmi ya fita.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma motar na nan. Duk Laraba da yamma maigida kan shiga ƙarƙashinta ya kwance biyun baya, Alhamis da rana ya mayar. Abin da na koya shi ne, in kana cin abinci da lalacewar wani abu, ka faɗa wa mai shi tun da wuri. In ka ɓoye, wata rana saboda ƙaunarka zai gyara maka shi.