Miyar Da Hajiya Ta Labta Wa Gishiri

Ƙamshin gahawa mai citta a unguwar Darrasa ya tuno min da Hajiya, Bahaushiyar Sudan da na zauna a gidanta ina ɗaliba. Kullum tana gaban fina-finan soyayya na Tamil, alhali ko kalma ba ta ji. Na taɓa gaya mata masu sharhi sun kushe fim ɗin da ta fi so.

Ta ce, "Ma'alish, ba komai 'yata, ba su iya kallo ba. Dubi yadda jarumin ke cin abincin surukansa."

Ranar da manemina ya zo gaisuwa, da gangan ta labta wa miya gishiri. Ya cinye tas, ya yi godiya. Ta raɗa min, "Khalas, shi ke nan, wannan jarumin ya yi."

Yau 'ya'yanmu uku. Allah ya ciyar da ke abincin Aljanna, Hajiya.