Jan Mariƙin da Ban Ja Ba

Barking

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu a Barking, gabashin Landan, ni da 'yata Hafsat, wadda ta samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgin sama bara. Tun lokacin take roƙona in hau, ina ta kawo uzuri. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Stratford, muka canza wani mai fita bayan gari. Na kasa zama wuri ɗaya.

Filin jirgi

Tasi ya sauke mu a wani ɗan fili a tsakiyar gonaki. Jirgin da ta ɗauko haya mai kujera huɗu ne, cikinsa bai fi na ƙaramar mota ba. Ta nuna mini wani jan mariƙi a saman kanmu.

"Baba, wannan na lema ne. In aka ja, lema za ta fito ta sauko da jirgin dungurungum, muna ciki. Kada ka taɓa sai in na suma."

"In wani jirgi ya taho fa? Ai ba danja a sama."

"Akwai doka. Wanda ya ga ɗan'uwansa ta damarsa, shi zai kauce."

Sama

Mun tashi lafiya. Har na fara sakin jiki ina kallon kogin Thames, sai na hango wani farin abu ta hagunmu yana ƙara girma.

"Na gan shi," in ji ta. "Hanya tamu ce, shi zai kauce."

Bai kauce ba. Ta yi magana ta rediyo, shiru. Ban san sa'ad da hannuna ya kai kan mariƙin ba.

"Baba, sauke hannunka. Jirginmu lafiyarsa ƙalau."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Na sauke. Ta karkata dama, ta yi ƙasa da mu. Jirgin ya gifta ta samanmu, har tayoyinsa na gani.

Da muka sauka, mai farin jirgin ya zo, wani dattijon Bature. Ya ce rana ce ta kashe masa ido. Na buɗe baki zan yi faɗa, Hafsat ta riƙe mini hannun riga, ta ce masa za ta kai rahoto ga hukuma kamar yadda doka ta ce.

Gida

A jirgin ƙasa na ce, "Ke ce da gaskiya, amma ke kika kauce."

"Baba, gaskiyar da za a faɗa a gidan makokinmu, wa ta amfana?"

Na kama hannunta. Na riƙe shi har Barking. Mun iso gida kafin la'asar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya mayar da ni da 'yata.