Goggo Hulda da Hulunan Fata

A garin Ashvale babu manomin da bai san shagon Hulda Brenneman ba. Mijinta baduku ne, mai ɗinka linzami da kayan dawakin noma. Da ya rasu ta ɗauki basillarsa ta zauna a kujerarsa. Da fari mutane suka yi ta gunaguni, da suka ga ɗinkinta ya fi nasa ƙarko sai suka yi shiru. Yara da manya Goggo Hulda suke ce mata. Mace ce mai son sanin dalilin komai. Agogo ma in ya tsaya sai ta buɗe cikinsa ta leƙa.

Wata ranar Litinin, cikin kakar shekarar 1903, wani ƙaton ɗalibi daga kwalejin garin ya shigo shagon, kansa naɗe da tsumma. Sunansa Orrin Tackett.

"Doki ne ya harbe ka?" in ji ta.

"A'a, Goggo. Ƙwallo muka yi, irin wanda ake runguma a ruga da shi ana turereniya."

Ya kwance tsumman. Kunnen ya kumbura, an ɗinke shi kamar bakin buhu. Likita ya ce masa in aka sake bugun wurin, to ya yi sallama da kunnen. Shi kuwa hular fata yake so, don kada a cire shi daga wasan Asabar.

"Wato kunnen ne ba ka so, ko hankalin?" ta tambaye shi. Amma ta auna kan. Ta ce ba za ta yanka fata ba sai ta ga abin da ke cin kunnuwan 'ya'yan mutane.

Washegari da la'asar ta rufe shago ta tafi filin da suke gwaji. Samari ne jibga-jibga, a jere, goshi da goshi. Wani ya kira lambobin da ke gaya wa kowa inda zai nufa, sai kawai suka afka wa juna suka zube tuli guda, ƙwallon na can ƙarƙashi. Ita ba ƙwallon take kallo ba. Ido ta zuba ta ga inda kai ke haɗuwa da gwiwa, da inda takalmi ke sauka. Ta koma gida tana zane a bayan wata tsohuwar takarda.

Hular farko ta yi kyau: fatar sa mai kauri, an shimfiɗa gashin tunkiya a ciki, ga marufin kunne dama da hagu. Ran Asabar Orrin ya sa ta. Kyaftin ɗinsu, Lemuel Voss, ya dube shi ya fashe da dariya.

"Kai, wa ya kwance alfadarin nan daga keken shanu?"

Aka fara wasa. Lemuel ya kira lambobi, kowa ya yi dama, Orrin shi kaɗai ya ruga hagu. Sau uku ana haka. Hular ta toshe masa ji ɗungum. Da aka tafi hutu Hulda ta tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita, ta fizge hular daga kansa, ta zaro basilla daga aljihu ta huda ramuka biyar-biyar a kowane gefe.

"Yanzu kana ji na, kurma?"

"Ina ji, Goggo."

"To koma."

Suka ci wasan. Suka ci na gaba, da na gabansa. Kwalejin da ɗalibanta ba su kai ɗari biyu ba, sai ga ta ta shiga lallasa manyan makarantu ɗaya bayan ɗaya. Masu aski da limaman coci duk zancen ke nan. Samarin kuma suka riƙa zuwa shago a ɓoye neman hula, kowa na cewa kada a gaya wa kyaftin. Hulda takan tsare su da tambaya: me ya sa sau uku kawai ake ba kowane ɓangare damar kutsawa gaba da ƙwallo? Wa ya ce ƙwallo ya zama kamar ƙwai? Rabin tambayoyin su ma ba su san amsa ba.

Lemuel ne ya rage. Ya ce gashin kansa ya ishe shi. A wasa na bakwai aka fasa masa gira, jini ya rufe masa ido. Ran Litinin sai ga shi a ƙofar shago yana sosa ƙeya.

"Sirdi ka zo saya?" in ji Hulda.

"Goggo, a yi haƙuri."

"Zauna. Kai ne da ƙaton kai, fatar rabin sa za ka ci."

Wasan ƙarshe da wata babbar jami'ar birni aka yi, cikin ruwa da taɓo. Hulda ta shiga jirgin ƙasa karon farko a rayuwarta don ta gani. Ashvale ta ci shida da babu. Wasa tara, ba a doke su ko sau ɗaya ba. Mutanen gari suka tarye su a tasha da ganguna, ita kuwa ta bi samarin tana karɓe hulunan, don ta ga inda ɗinki ya saki.

Kwalejin ba ta sake yin shekara irin wannan ba. Bayan 'yan shekaru masana'antun birni suka fara yin huluna masu araha, aka daina zuwa wurinta. Bai dame ta ba. A lokacin motoci sun fara shigowa gari, ta koma yini a garejin maƙwabcinta, tana leƙen cikin inji tana damun makanike da tambaya, har ƙarshe ya ba ta aikin ɗinka kujerun mota. Shi ta yi har idonta ya raunana.