Kukan Giyar Tifa

Ina kasuwar Nima da hantsi, ina auna geron kokon da nake sayarwa, sai na ji sallama a bayana. Mai walda ne, wanda rumfarsa ke jingine da garejin maigidana a Maamobi. Bai taɓa biyo ni kasuwa ba. Tabaran waldarsa na nan a goshinsa, bai tuna ya cire ba.

Ya ce, "Uwargida, bar geron nan mu tafi. Masta ba lafiya."

A cikin turoturo, motar haya, ya faɗa mini sauran. Maigida ya sunkuya zai ɗauki sifana, sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Ƙaninsa bai samu jana'iza ba. Yana can hanyar Bawku a motar wani, ya tafi ɗaukar albasa. Su biyu ne kaɗai uwarsu ta bari, kuma sun rabu ba sa magana. A kan giyar tifa ne.

Tifar ta su biyun ce. Sun saye ta a ƙarshen shekarun tamanin, daga wani kamfanin hanya da ya gama aiki yana sayar da tsofaffin motocinsa. Maigida makaniki, ƙanin direba. Giyarta otomatik ce, ba a taka kuloci, ita ke canza wa kanta giya. Lokacin ba mu saba ganin haka a babbar mota ba. Direbobi suka riƙa zuwa leƙen ƙasan sitiyari.

Wani ya ce, "Wannan ai motar ragwaye ce."

Ƙanin ya ce, "Ƙafata ta hagu ta yi ritaya. Taka kuma sai ta ga kabari tana taka ƙarfe."

Yashi da duwatsu yake kai wa magina. Kowace safiya sai ya tsaya wurin tukunyata. "Matata, zuba mini koko kafin tsohon nan ya fito ya gan mu."

Ni kuma in ce, "Je ka nemo taka. Mai gemu har yanzu yana shan kokon matar yayansa."

Maigida na ji daga ɗaki. Shi ya goya ƙanin nan, shi ya kai shi koyon mota.

Bayan an ɗan jima motar ta fara kuka. Siriri ne, kamar sauro a bakin kunne, in ta ƙara gudu ya ƙara tsini. Ni da ban san mota ba, daɗinsa na ji, don tun daga kan titi nake gane ƙanin ya dawo. Maigida bai ji daɗinsa ba. Ya sa aka tayar da ita, ya shiga ƙarƙashi da dogon sukundireba, ya kafa bakin a jikin giya, ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya daɗe. Da ya fito ya aika a karɓo masa farin faranti daga wurina. Ya tsiyayo man giyar a ciki, ya shinshina, ya kai rana ya karkata. Man da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa, kuma akwai wani gari a ciki yana ƙyalli kamar kwalli.

Ya ce wa ƙanin, "Ka gani? Tana cin kanta. Boris ɗin cikinta ya fara tafiya, haƙoran na goga juna. Ajiye ta in buɗe."

"Yaya, magina na tseren damina. Bari ruwa ya sauka tukuna."

"Ita ba ta san damina ba."

Ƙanin ya ce yoo, amma bai ajiye ba. Jan man da take sha ma wuyar samu yake yi a lokacin. A tasha tsofaffin direbobi suka ba shi maganin da suka sani. Su a motocinsu na katako, in giya ta yi kuka, mai mai kauri ake ɗura mata ta yi shiru, a ci gaba da tafiya shekara da shekaru. Ba mugunta suka yi masa ba, abin da ya yi musu aiki suka faɗa. Ƙanin ya ɗura.

Kukan kuwa ya ragu. Ya shigo gareji yana murmushi. "Yaya, ka ji ta? Ta yi ladabi."

Na kawo abincin rana, ina tsaye. Maigida ya zaro sandar gwada mai, ya murza a yatsunsa. Na ga fuskarsa ta canza.

"Me ka ba ta?"

Ya faɗa.

"Jariri yana kuka, ka cusa masa tuwo. Hanyoyin cikinta kamar kafar allura suke. Ta ina wannan zai bi?"

Ya zubar da man, ya sa wanda ya dace, amma aikin gama ya gama. Ba a daɗe ba ta tsaya a hawan Kotobabi da lodin yashi, inji na ruri, mota ba ta motsi. Da aka jawo ta gareji mutane sun taru. Maigida ba mai faɗa ba ne. Ranar ya ce, a gaban kowa, "Na ba ka mota, na manta ban ba ka kunne ba." Ƙanin ya ajiye makulli a kan taya. Washegari ya tafi Kumasi.

Maigida ya sauke giyar shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa buɗe irinta a unguwarmu, kuma ba shi da littafinta. Sai ya yi dabara. Duk abin da ya ciro, sai ya zura shi a waya, bi da bi, fuskar da ta kalli gaba tana kallon gaba. Faifan ƙarfe, faifai mai fata, zobe, wani faifan, wani zoben da ya fi na farko siranta da kaɗan. Waya ta cika, ya ƙulle bakinta ya rataye, ya ɗauki wata. Bai wanke ko ɗaya ba, don ya ce tabon da suka yi wa juna shi ke nuna wa ke kusa da wa. Ya zaga masu sayar da kayan mota na Kokompe da Tema har ya samo madadin abubuwan da suka ƙone. Kome ya kammalu. Bai haɗa ba.

Ya je tashar Tudu ya ba direbobin Kumasi saƙo: a ce wa ƙaninsa an buɗe ta, ya zo su haɗa tare. Amsa ta dawo cewa in ya sauke lodin da ke gabansa zai zo. Lodi ya bi lodi.

Na ce, "Maigida, haɗa abinka mana. Mota na zaune, tayoyi na sacewa."

Ya ce, "In na haɗa ni kaɗai, me zai kawo shi?"

Wayoyin suka ci gaba da rataya a rumfa, yana rufe su da buhu in hadari ya taso.

Ina cikin takaba, ban san abin da ke faruwa a gareji ba. Abokan aikinsa suka ga ya kamata su kimtsa masa wurin kafin sadakar bakwai. Suka share, suka jera sifanu. Suka ga kayan giya sun yi baƙi da ƙura, suka kwance wayoyin, suka zuba kome a babban baho, suka wanke da kananzir tas, yadda ake wa kowace giya da suka sani. Mai walda ya zo da kansa ya faɗa mini, don in ji sanyi. Na yi masa godiya.

Ƙanin ya iso ana gobe sadakar. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina, bai kira ni da sunan wasan nan ba.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ka sha hanya."

"Ya bar wata magana?"

Na ce, "Ya ce ku haɗa tare."

Ya tashi ya nufi gareji. An ce mini ya daɗe tsugune gaban bahon, yana ɗaga faifai yana juyawa, ko'ina fari fes, ba gaba ba baya. Bai koma Kumasi ba. Ya yi watanni yana gwadawa. Sau da dama ya ɗaura ta a mota, ta ƙi tafiya, ya sauke. Ya kira wani makaniki daga Tema, ya duba ya ce da an bar su yadda suka fito, da ya iya.

Daga baya aka sayar da injin da tayoyin, sannan bodin. Giyar ya hana a taɓa. Ya kawo ta gidanmu, ƙoƙonta na ƙarfe a gefe, kayan cikin a baho, ya ce zai samu wanda ya sani. Ya yi aure, ya yi 'ya'ya, yanzu idonsa ba ya ganin ƙananan zobban. Har yau ba a haɗa ta ba.