Ranar da Aka Rasa Abba

Mahaifina fompiye ne, wato ɗan kashe gobara, a Damagaram, a zamanin da ruwan sha ma bai ishi garin ba, balle na watsa wa wuta. Su duka ba su kai goma ba, da mota ɗaya mai tanki wadda sai an lallashe ta take tashi. Yawancin aikin da yashi ake yinsa, da gatari, da ƙarfin ƙirji. In wuta ta kama gida, sai su riga ta zuwa gidan gaba, su yaye zana, su ture rufin ciyawa, don in ta iso ta tarar ba abin ci. Mai gida ya zage su tas a ranar, washegari ya aiko da goro.

Kakata, wadda ta haife shi, ba ta taɓa yarda da wannan aiki ba. Mu asalinmu Barebari ne, kakanninmu fataucin kanwa da fata ya kawo su daga Borno, kuma a ganinta ɗan gidan fatake ba shi da dalilin sa gajeren wando yana gudu a titi. Kullum sai ta faɗa: "Kowa in ya ga wuta baya yake yi, ni nawa ɗan sai ya tattare ya nufe ta. Wace irin haihuwa ce wannan?" Abba sai ya yi dariya ya gyara mata tabarma.

A gida mutum ne mai sanyi, har ya yi yawa. In ba ya bakin aiki yana tsakar gida, mu huɗu muna hawa kansa. Shi yake raka ni lakwal, wato makarantar boko, in Inna ta ga rana ta yi zafi, shi yake ɗebo mata ruwa a rijiyar unguwa, maza suna zaune a gindin bango suna yi masa tsiya, wai an shanye shi. Bai taɓa tanka musu ba. Inna kuwa, saboda kunya irin ta matan da, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, Malam take ce masa, kuma in akwai mutane ko kallonsa ba ta yi.

Abin da zan ba da labari ya faru da bazara, saura kamar shekara biyu Faransawa su sauke tutarsu. Ina da shekara goma sha ɗaya. Ranar Alhamis ce, ba lakwal. Da hantsi muka ji jiniya, muka hau dutsen bayan gidanmu a unguwar Birni muka hango hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe ta wajen unguwar Zango. Wata mai tallan nono ta ce ma'ajiyar gyaɗa ce ta kama, iska kuma ta kwashi wutar ta shiga gidaje. Inna ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da surfe. Mun saba, ko dai muna nuna mun saba.

Ana kiran azahar sai ga sallama a zaure, muryar namiji da ba mu sani ba. Tunda ba babban namiji a gidan, Kaka ce ta dogara sanda ta fita, ni kuma na bi ta saboda ba ta ji sosai, ni ce kunnenta. Wani gardi ne, wato dogarin gwamnati, dogo, da jar hula, gumi ya jiƙa masa riga. A hannunsa kwalkwalin Abba, hular ƙarfen da yake sawa, gefe ɗaya ya lotse, duk toka.

Ya gaishe da Kaka, ya ce, "Shugabansu ajidan ne ya aiko ni. Ya ce a gaya muku an rasa shi, ya ce ko..."

Iyakar abin da aka bar shi ya faɗa ke nan. Kaka, wadda sai an maimaita mata magana sau uku, wannan karon sau ɗaya ta ji. Ta saki sanda, ta ɗora hannu a ka, ta ƙwala wani ihu da Barbarci wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Gardin ya buɗe baki, ya rufe. Ina ganinsa yana dube-dube kamar wanda ya taka kashin kaza a masallaci. Ya ajiye hular a bakin ƙofa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya juya da sauri.

To, a Hausa in aka ce an rasa mutum, aka kuma kawo hularsa, me ya saura? Ba wanda ya tambayi wace irin rasawa. Ni ma da nake taƙamar ina lakwal ban tambaya ba. Na ɗauki hular, tana da ɗumi har lokacin, na shiga da ita. Inna na tsaye da taɓarya. Ta dubi hular, ta dube ni, ta jingine taɓaryar a bango a hankali kamar kada ta tashi mai barci, ta shiga ɗaki ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Kafin ka ce me, gida ya cika. Matan unguwa suka shigo da salati, aka share tsakar gida, aka kife turmi. A ƙofar gida maza suka shimfiɗa tabarmi, har da waɗanda suke cewa an shanye shi, su ne a sahun gaba suna faɗin kirkinsa. Ni haushi ya kama ni a kan baƙin ciki. Na ce a raina, da bakin nan naku kuka yabe shi yana raye mana.

Baffana, wan Abba, mai shagon yadi a kasuwa, ya iso idonsa jawur. Mutum ne da ba ya iya zama da baƙin ciki sai ya nemi abin yi. Ya aika a gaya wa liman, ya aika garin Dakusa wurin dangin Inna, ya kuma zo da farin yadi sabo fil na likkafani a naɗe ƙarƙashin hammata. Aka ce gawa na ƙarƙashin rufin da ya rufta, sai toka ta huce za a tono. Wa ya faɗi haka? Ba wanda ya sani. Magana ce ta tashi daga tabarma ɗaya, kafin ta kai ta uku ta zama shaida, har da wanda ya rantse ya ga ƙafa.

Wata gwaggo ta shiga ɗaki ta cire wa Inna 'yan kunne da warwaro, ta fara kwance mata kitso don takaba. Ina zaune a gefe da ƙaramin ƙanena a cinya, yana ta tambayar me ya sa aka zo da yawa, suna ne? A lokacin ne abin ya shige ni sosai. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ba wai tunanin abinci ko lakwal ba, a'a. Kawai na ga gobe za ta waye, tsakar gidan nan ba shi a ciki, jibi ma haka.

Abin da ya faru a Zango, wanda daga baya muka ji, shi ne wannan. Akwai wani tsoho makaho da ya zo daga Droum neman magani, aka sauke shi a wani ɗaki can ƙuryar gida, da wuta ta kama kowa ya gudu aka manta da shi. Abba ya ji tarinsa ya shiga. Wuta ta tare ƙofa, azara ta faɗo ta make masa hula, sai ya fasa katangar baya da gatari, ya ture garwashi da hannu, ya fita da tsohon a baya ta wani lungu. Abokan aikinsa suna gaba, ba su ga fitarsa ba. Shi kuma ganin numfashin tsohon na sarƙewa, bai tsaya neman kowa ba, ya tari mai jaki suka miƙe gidan likita.

Da aka ci ƙarfin wutar, ajidan, Baturen da ke shugabantarsu, ya kira suna, mutum ɗaya bai amsa ba, hularsa kawai aka tsinta a cikin toka aka miƙa wa gardi. Ya ce da Faransanci ba a gan shi ba, a je gidansa a duba ko can ya nufa. Tafinta ya juya wa gardi da Hausa: an rasa shi, je ka tambaya ko ya biyo gida. Tafinta bai yi ƙarya ba, an nema an rasa. Rabin saƙon ne Kaka ta haɗiye da ihunta, gardin kuma da ya ga tsohuwa na birgima sai ya ɗauka ko ita ta san abin da shi bai sani ba.

A gidan likita anfirme, mai taimakon likita, ya shafa wa Abba magani a hannuwa, ya ce ya jira a kawo abin naɗewa. Yana zaune a inuwa sai ya ji wata mai fura tana ba wata labari cewa yau wuta ta ci fompiye ɗaya. Ya yi maza ya ce, "Baiwar Allah, wanne daga ciki?" Ta ce, "Wani Babarbare ɗan Birni, mai 'ya'ya huɗu, wanda aka ce shi ke ɗebo wa matarsa ruwa." Abba ya ce a ransa, ai ko a lahira wannan shaida ba za ta bar shi ba. Ya tashi ya kama hanya, ba hula, ba takalmi ɗaya.

Bayan la'asar ya shawo kwanar gidanmu. Ni ban ga wannan ba, ina ciki, amma an ba ni labari ya fi sau ɗari. Ya zo baƙi ƙirin da toka, gira ta ƙone, hannuwa a ɗage gaba suna ƙyalli da magani. Ya tsaya a bakin tabarmi ya yi sallama. Aka amsa ba a ɗaga kai ba, wani ma ya matsa masa wuri. Liman ne ya fara dubawa, carbi ya suɓuce masa. Maƙwabcinmu mai rantsuwar ya ga ƙafa, shi ya fara tsallake mutum biyu ya bar takalmansa. Baffa kuwa ya miƙe, ya matso, ya kama kunnen ƙanensa ya murɗa da ƙarfi. Abba ya ce, "Wayyo, Yaya!" Sai Baffa ya durƙushe a wurin yana kuka kamar yaro.

A ciki muka ji hayaniya ta canza launi. Sai ga shi a bakin zaure. Mata suka watse, wata ta faɗa cikin kwatarniya. Ban san lokacin da na ajiye ƙanena ba, na dai tsinci kaina na ƙanƙame cikinsa, yana warin hayaƙi da gyaɗa ƙonanniya, yana cewa, "Hankali da hannun, uwata, hankali." Wani irin daɗi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, na ji yunwa nan take, don tun safe ban ci komai ba.

Kaka ta lallubo fuskarsa, ta tofa masa addu'a, sannan ta ɗaga sanda ta sauke masa a gadon baya. "Ɗan banza! Ka ga abin da ka ja mini? Har muryata ta dushe!" Ya ce, "Ki yafe ni, Iya." Ta ce ba za ta yafe ba, ta rungume shi.

Inna ce kaɗai ba ta fito ba. Da gida ya lafa, masu ta'aziyya suka koma masu barka, aka tura wani ya tare ɗan aiken Dakusa, sai Baffa ya ɗauki farin yadinsa zai mayar shago, yana cewa Allah ya sa ya daɗe bai sake fitowa ba. Muka ji muryar Inna daga ɗaki: "Yaya, a bar mini yadin nan."

Ta fito, kitso rabi a kwance, ba ɗan kunne. A gaban Baffa, a gaban Kaka da sauran matan da ba su tafi ba, ta karɓi yadin, ta sa haƙori ta ɓarka bakinsa, ta yage shi tsawo-tsawo. Ta ce wa Abba, "Malam, zauna." Ya zauna a kan turmin da aka kife. Ta durƙusa ta kama hannunsa na dama ta fara naɗewa, yatsa bayan yatsa. Tafin duk ya saluɓe, na kasa kallo, na kuma kasa ɗauke ido. Sai yanzu hawaye suka zo mata, suna ɗiga a kan yadin, ba ta share ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Me likita ya ce?"

"Anfirme ya ce za su warke. Amma wata biyu ba zan riƙe ko bokiti ba, sai dai zaman gida."

Ta tsaya da naɗin. "Wata biyu cur?"

"Haka ya ce."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, ta ƙulle bakin yadin, ta ce ya miƙo ɗayan.